Igiyar Baba Jethro

Tun ina amarya na tarar da Baba Jethro a Makera, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai gudun a yi masa abu. Ko da hawan jinin ido ya cinye masa gani, bai yarda wani ya riƙe masa hannu ba.

Dabara ya yi. Ya ɗaura igiyar shanya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bishiyar gwaiba, daga gwaiba zuwa famfo, daga famfo zuwa bayi. Kowane wuri da irin ƙullinsa. Yana shafa igiyar yana tafiya yana waƙar coci, sai ka rantse yana gani. Wanka, wanki, zagayawa, duk shi yake yi wa kansa.

Sai ɗansa Benson ya taso daga Abuja da shirin bikin godiya, wai Baba ya cika tamanin. Aka kwashi tsoho aka kai shi Barnawa gidan 'yarsa Vicky, aka kawo magina. Ina leƙowa ta katanga na ga sun sare gwaibar, sun shimfiɗa tayil mai santsi, wani kuma yana naɗe igiyar.

Na ce, "Benson, igiyar nan ita ce idon babanka fa!"

Ya yi dariya. "Haba Maman Auwal, wannan tsummar? Baƙi za su zo, ai sai mu ji kunya."

Kunya! Mutumin da sai Kirsimeti yake tako gidan nan, shi ne zai gaya mini abin kunya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ranar biki aka dawo da Baba cikin farar shadda. Matan zumunta suna waƙa, ana ta ɗaukar hoto, Benson riƙe da makirufo yana cewa, "Baba, ka ga gidanka?" Wallahi haka ya ce.

Can Baba ya tashi daga kujerarsa a ƙofar ɗaki, ya miƙa hannu sama inda ya saba. Babu komai. Ya laluba dama, ya laluba hagu, ƙafarsa na zamewa. Mutane suka ɗauka rawa yake yi, suka hau tafi. Kafin in ratsa taron in isa gare shi, shaddar ta riga ta jiƙe da fitsari.

Benson ya koma Abuja, ya bar umarni kada a ɓata masa fenti da ƙusa. Akwai masu haya a gidan, amma tsoron Benson suke ji, babu wanda ya mayar da igiyar.

Jiya da rana, ana zafin nan mai ƙona ƙafa, na kai wa Baba kunun zaƙi mai sanyi. Leɓɓansa duk sun tsattsage. Ya shafa kofin, ya ture shi a hankali.

"Bar shi, 'yata. In na sha, wa zai kai ni bayi?"