Injin da Gwaggo Tela ta ƙi kashewa

Duk layin ba wanda bai san Gwaggo Tela ba. Mace ce mai faɗan tsiya. Ka kawo mata yadi ka ce gobe kake so, sai ta wanke ka tas kafin ta ɗauki almakashi. Amma ɗinki kam, sai dai a sara mata.

A shagonta, bayan keken ɗinki, akwai akwatin gilashi na kifi, cike da tsiron ruwa kore shar, ga ɗan injin tace ruwa maƙale a gefe yana gurnani ba dare ba rana. Na marigayi mijinta ne, mai gyaran rediyo. Shi ya dasa tsiron da hannunsa, ita kuwa tana ta mita wai ya kawo mata fadama cikin shago. Bayan rasuwarsa kifayen suka bi shi ɗaya bayan ɗaya da tsufa, saura guda, ja mai doguwar wutsiya, wanda marigayin ke kira Ɗan Gayu.

To, shi ma Ɗan Gayun sai ya fara lalacewa. Ruwan da injin ke fesowa yana wujijjiga shi, wutsiyar duk ta yayyage, abinci ma wuce shi yake yi kafin ya cafka. Gwaggo ta rasa sukuni. Autarta ta je ta ɗauko mai sayar da kifin ado.

Mutumin ya leƙa ya ce, "Gwaggo, ai wannan dajin ya ishe shi. Tsiron nan shi ke shanye dattin ruwa. Da kifi da yawa ne, to, sai da inji. Amma tsoho guda ɗaya? Ki riƙa canza ruwan kaɗan-kaɗan, ki kashe injin. Shi ke gajiyar da shi."

"In kashe me?" in ji Gwaggo. "Tashi ka ba ni wuri!"

Bawan Allah ya fita yana waige. Auta kuwa ta san dalili. A asibiti, ranar da likita ya ce injin numfashi kaɗai ke riƙe da babansu, ba 'ya'yan aka tambaya ko a kashe injin ba. Gwaggo aka tambaya, kuma ita ta gyaɗa kai. Tun daga nan take tsoron shiru. Ko wuta aka ɗauke, sai ta ji ɗakin asibitin ya biyo ta shago, har da warin maganin.

Wata safiya suka buɗe shago suka tarar ruwa ya manna Ɗan Gayu a bakin injin, ya kasa ƙwatar kansa.

"Mama, bari ni in cire," in ji Auta.

"Kul! Ba zan ɗora miki wannan ba."

Ta durƙusa da kanta ta zare filogin. Shagon ya yi tsit. Ruwan ya lafa, tsiron ya miƙe. Can sai kifin ya motsa, ya ja jiki a hankali ya kwanta kan wani faffaɗan ganye, baki na buɗewa yana rufewa.

"Mama, duba! Yana numfashi!"

"Na gani," in ji Gwaggo. Ta jawo kujera ta zauna dab da gilashin, ko mayafi ba ta cire ba. "Babanku ma ya ɗan yi numfashi, bayan an kashe injin."