Yadda Nicanor Ya Huda Tudun Garinmu

Nicanor Berenguel a saman leda ya ƙare ƙuruciyarsa. Aikinsa shafa farar ƙasa a rufin rumfunan leda na bakin teku, inda ake noman tumatir da tattasai, don kada rana ta dafa su tun suna jikin uwarsu. Da zafi ya kawo kai zai hau da bokitinsa ya yi ta tafiya a kan wayar da ke riƙe da ledar, in sanyi ya shigo kuma a kira shi ya wanke abin da ya shafa. Sau ɗaya ya taɓa faɗowa, shi ma a kan kankana ya sauka. Da gwiwoyi suka gaji, ya tattara ya koma gidan da ya gada a garinmu, nan cikin hamadar Tabernas, shi da matarsa Tomasa. Gidan ya jingina da tudun da ya raba garin gida biyu, yana kallon yamma, don haka in rana ta gama da kowa, a falon Nicanor take zuwa ta huce haushinta.

Ɗansu Ramiro, wanda ke aiki a Zaragoza, ya zo hutu wata bazara. Kwana ɗaya ya yi, washegari ya sa aka kafa musu na'urar sanyaya ɗaki, ya koma abinsa. Wata guda Tomasa ta yi tana barcin rana da bargo. Sai takardar kuɗin wuta ta iso. Nicanor ya karanta ta a tsaye, ya nemi wuri ya sake karantawa a zaune, sannan ya fita ya tsaya gaban mitar wuta. Jar fitilar mitar tana ƙiftawa, shi kuwa ya rantse ido take kashe masa.

Ba wai ya rasa abin biya ba ne. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, mutumin da ya sanyaya tumatirin rabin lardi da farar ƙasa da ruwa a ce sai ya sayi sanyi a cikin gidansa. Ya zare wayar na'urar, ya lulluɓe ta da mayafin tebur. Ya shafe bango da rufi da farar ƙasa. Da ya ga saura a bokiti ya shafe tukunyar gas, ya shafe motarsa, ya bar ɗan fili a gilashin gaba daidai idonsa. Karensu Canelo ya zo wucewa, shi ma ya samu rabonsa a gadon baya. Tun da safe ake rufe tagogi, a rataya jiƙaƙƙen zanen gado a kowace ƙofa, mata da miji su wuni suna karo da juna a duhu. Firji kuwa ba a buɗe shi sai mutum ya faɗi da bakinsa abin da zai ɗauko da kuma inda yake.

Tomasa ba ta yi musu ba, ta ɗauki saƙarta ta koma asibitin gari, inda ɗakin jira yake da sanyi kyauta. Da aka tambaye ta abin da ke damunta ta ce gwiwa. Washegari kunne. Ta bi jikinta gaɓa-gaɓa har suka ƙare, ta shiga aron ciwon maƙwabta. Likita ta tura ta birni aka yi mata gwaje-gwaje, aka dawo da sakamakon da ya nuna ta fi likitar lafiya. Daga nan likitar ta roƙe ta ta riƙa zuwa ta zauna kawai, ba sai ta yi rashin lafiya ba.

Wata rana da azahar Nicanor ya shiga ɗakin ajiya neman igiya, ya jingina bayansa da bangon baya, wanda ba bulo ba ne, jikin tudun ne kansa. Ya ji sanyi ya ratsa rigarsa. Ya daɗe a haka. Ya tuna kakanninsa a kogo suka zauna cikin tudun nan, ubansa ne ya fito ya gina gidan bulo don a ce ya waye. Kafin Tomasa ta dawo ya ɗauki diga ya haƙa gurbin da kujera za ta shiga, ta same shi zaune a cikin bango yana murmushi.

Gurbin kujera ya zama gurbin gado. Ƙasar tudun mai laushi ce a hannun diga, in ta sha iska kuma ta yi tauri, ga shi duk taku ɗaya da ya ƙara ciki sai ya ji sanyin ya ƙaru. Haka ya riƙa haƙa yana jan gadon gaba, yana kwashe ƙasa a baro yana zubarwa a busasshen rafi. Ƙwan fitila ko ɗaya bai sa ba, ya ce hannunsa ya san hanya. Tomasa ta ce ita ba za ta kwanta a kabari tun wa'adinta bai yi ba. Sai aka yi wani mako da tsuntsaye suka riƙa faɗowa daga wayar wuta saboda zafi, ta ɗauko matashinta ta shigo, shi kuma ya yi hankali ya matsa mata wuri.

Matsala ɗaya ce, iska ba ta motsi a ciki. Sanyi akwai, amma mai nauyi, kyandir ma da ƙyar yake ci. Nicanor ya yanke cewa maganin hakan a ƙara zurfi. A bazara ta uku, yana cikin sara, digar ta shige ba ta dawo ba. Ya ja ta, ƙasa ta rufta, haske ya shigo da ƙamshin soyayyar tafarnuwa. Ya leƙa, sai ga Anselmo, yayan Tomasa, zaune a ɗakinsa na baya da singileti, cokali ya tsaya tsakanin kwano da baki.

Gidan Anselmo kogo ne a ɗaya gefen tudun. Shi da Nicanor sun haura shekara ashirin ba sa ga maciji, tun da Anselmo ya ari tsanin Nicanor bai dawo da shi ba, ya kuma tsaya a bainar jama'a ya ce bai taɓa ganin tsanin ba. To ga tsanin nan jingine a bayansa, an rataya masa albasa. Nicanor ya buɗe baki zai yi magana, amma iska ta riga shi. Ta shigo ta ƙofar Anselmo da ke buɗe, ta ɗaga jaridar da ke kan tebur, ta bi ta ramin ta busa rigar Nicanor, ta wuce har ƙofar gidansa. Daga can ƙarshe suka ji Tomasa tana tambayar wa ya kunna fanka.

Suka tsaya suna shan iskar, kowa yana ƙoƙarin kada fuskarsa ta nuna daɗi. Can Anselmo ya juya ga kyanwarsa.

"Ki gaya wa mijin ƙanwata ya rusa min bango."

Nicanor ya dubi Canelo, wanda ya riga ya cusa kai cikin ramin. "Ka gaya wa ɓarawon tsani albasarsa ta fara tsiro."

Anselmo ya yi rantsuwa zai toshe ramin, har buhun siminti ya sayo. Ya ce sai dai a bari zafi ya wuce. Da zafi ya wuce ya ce bayansa na ciwo. Da wata bazarar ta zo aka gan shi da diga yana faɗaɗa wajen, wai yana gyara bakin ne don toshewar ta yi kyau. Simintin ya daskare a buhunsa, ya zama wurin zama.

Ba su shirya ba, sai dai gabar ta samu sabon makami. Iskar ba ta tafiya sai ƙofofin biyu suna buɗe, don haka duk wanda aka ɓata wa rai sai ya rufe tasa. Nan take iska ta mutu, su duka biyu su zauna suna gumi, kowa a gefensa, ana jiran a ga wanda zai fara karaya. Tomasa ce ke shiga tsakani. Takan je ta ce wa yayanta, "Yaya, kai fa kake dahuwa, shi tsohon nan fatarsa ta riga ta zama kilishi tun a saman leda." Ta dawo ta gaya wa mijinta irin wannan maganar a juye.

Mutanen gari ba su daɗe ba suka lura cewa gidan burodi da tashar bas suna gefen Anselmo, kuma zagaye tudun a rana azaba ne. Wata tsohuwa mai suna Casilda ce ta fara neman alfarma ta bi ta ciki, saboda ƙafafunta. Bayanta kowa ya gano yana da ƙafafu. Nicanor na kwance sai ya ji ana gaishe shi ta wajen ƙafar gado, mace da burodi a hammata, mai kai wasiƙu yana tura kekensa. Tsofaffi suka kafa teburin wasan domino a tsakiya, daidai inda iska ta fi daɗi. Da Casilda ta yi karo da baro a duhu, magajin gari ya sa aka jera fitilu, mai aikin kuma ya jona su da mitar da ta fi kusa. Takardar wutar da ta zo wa Nicanor a watan ta fi ta zamanin na'ura. Ya je ofishin magajin gari da ita a hannu, aka ba shi kujera, aka yi masa bayani cikin ladabi cewa a taswirar gari babu wata hanya a cikin tudun, kuma hukuma ba ta biyan wutar wurin da babu shi. Ya dawo ya kwance ƙwayayen fitilun ɗaya bayan ɗaya. Tsani ya buƙata, ya miƙa hannu ya ɗauko a ɗakin Anselmo, ya gama ya mayar da shi inda yake, ya sake rataya albasar.

Anselmo ya rasu a watan Agusta, a tsakiyar zafi. Maƙabarta tana gefen Nicanor, don haka aka ce a bi da akwatin ta ciki. Masu ɗauka suka shigo suna haki, da suka kai wajen teburin domino suka ce bari su ɗan sauke su gyara riƙo. Jama'a suka taru a bayansu, iska tana kaɗawa, babu wanda ya ga dalilin gaggawa. Fadan coci yana can bakin kabari a rana yana jira. Da ya gaji ya biyo sawu da faɗa a bakinsa, aka matsa masa wuri a kan buhun siminti, ya zauna ya cire hula. Sai da rana ta sunkuya aka binne Anselmo. Duk tsawon wunin Nicanor yana tsaye kusa da akwatin, hannunsa a kan murfin, in aka yi masa magana sai ya ce yana tare shi ne kada a goge masa bango.

'Yar Anselmo ta zo daga Murcia ta kwashe abin da za ta kwasa, ta kulle gidan ta tafi. Iska ta tsaya cak. Kwana biyu Nicanor bai ci abincin kirki ba, yana zaune a bakin gado yana cewa mutumin nan da gangan ya mutu a Agusta, don ya rufe ƙofa ya bar shi da zafi. Tomasa ta kira 'yar ɗan'uwanta a waya, aka aiko da makulli a bas.

Yanzu Nicanor ya tsufa ƙwarai, diga ta fi ƙarfinsa. Kullum da safe yakan bi ramin da sandarsa, ya buɗe ƙofar Anselmo, ya sa dutse ya tokare ta, ya zuba wa kyanwar abinci, ya ba shukokin bakin ƙofa ruwa. Yana yi yana mita, yana gaya wa kyanwar irin halin mai gidanta, ita kuwa tana cin abincinta. In ya gama sai ya zauna a kujerar marigayin har masu zuwa sayen burodi su fara wucewa.