Taya Mai Kama Ƙasa

Dattijon yana tsugune a rumfar mai taya, hularsa ta koɗe, yana shafa tayar babur da ta siɗe kamar tafin hannu. Daga ganinsa ba mai gudu ba ne. Ɗansa ne ke cinye ta da burkin ganganci, ɗan da wataƙila rabonsa da gaishe shi tun ranar da ya karɓi makullin.

"Baba, ɗauki mai taurin nan," in ji mai taya. "Ta fi ƙarko, sai dai santsi in an yi ruwa."

"Ba ni mai laushin, mai kama ƙasa."

"Ai kafin ka juya yaron nan ya cinye ta!"

Dattijon ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara.

"Ya cinye. Gara in yi ta sayen taya da in sayi likkafani."