Baba Ticha da Kokon Yarinyata

Ku da kuka zauna da surukina Baba Ticha a Kibiya kun san ba ya karɓar rabin magana. Ka ce masa "Ruwa," sai ya tambaye ka ruwan ya yi me. Ana gab da samun mulkin kai ya bar koyar da Turanci a elementaren Rano, ya dawo gida ya juye aikin a kanmu, mu da ba mu roƙa ba.

Wai a Turanci magana iri huɗu ce: labari, tambaya, umarni, da ta mamaki. Ran kasuwa wani bijimin sa ya ɓalle, mai shi ya daka wa Baba tsawa ya kauce. Baba ya tsaya yana nuna wa mutumin cewa umarni ya bayar babu ladabi, san ya watsa shi cikin tumatir. Da aka ɗago shi, cewa ya yi ihun da ya kurma, iri na huɗu ke nan, a lura.

Wata maganar kuma, in ji shi, tana tsayawa da ƙafarta, wata sai ta jingina da 'yar'uwarta. A gaban baƙi ya nuno ni da sanda, wai ga misalin mai jingina. Ni da nake tuƙa masa tuwo!

Duk wannan na shanye. Abin da ya ci raina shi ne yarinyata ta fari, mai in'ina. Kullum da safe ba a ba ta koko sai ta faɗi cikakkiyar magana da Turanci. Ina bayan zana ina jin ta tana kokawa da kalma ɗaya, koko na hucewa. Ga surukuta, ga kunyar 'yar fari: ko sunanta ba na kira, balle in tare mata. Tsorona kar bakin ya rufe gaba ɗaya. Ubanta ya ce shi ma haka aka yi masa.

Da ta kwana biyu ba ta ce uffan ba, na ɗaga zana na fito.

"Baba, a ba ta kokonta."

Tsofaffin unguwa sun yi wata guda suna zagina da rashin kunya. Shi kuwa nan take ya miƙa mata. A nan na ga nasa ma ya sandare, bai taɓa ba. Ashe kullum tare suke shan mai sanyi.

Bai daina darasin ba, ina! Sai dai a sha tukuna, sannan ya zauna ya jira ta, ko da hantsi zai dubi ludayi. Duk wanda ya ƙarasa mata kalma, ko liman ne, sai ya ga sanda.

In'inar tana nan, amma yanzu a aji ita ke fara ɗaga hannu.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya saurare ka da irin haƙurin da ka saurare ta. Amin.