Man shafawar da na ajiye a kan buzun Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina wanga yaro?" ko da kuwa ina tsaye a gabansa da gemuna. Ni ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. A Aliero wannan ba abin mamaki ba ne, kunya ce, kuma da ita muka tashi. Har alfahari nake yi da ita a makarantar da nake koyarwa a Maiyama.

Lokacin ban ruwan albasa ne abin ya fara. Baba yakan wuni a fadama, wandonsa jiƙe har ƙugu, ga rana, ga gumi, kuma a jikinsa wandon zai bushe. Da na zo hutun ƙarshen mako sai na ga tafiyarsa ta canza. Yana buɗa ƙafafu, yana takawa a hankali kamar mai tsallake kwata. Mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci ya koma yin salla a ɗaki, a zaune.

Na tambayi Inna. Ta kau da kai ta ce, "Ƙaiƙayi na, can ƙasa. Kak ka ce ni nah hwaɗa maka."

To, ta ina zan fara? Mutumin da ba na iya tambayarsa ko ya ci abinci, shi zan tambaya abin da ke cikin wandonsa? Sai na hau babur na tafi Jega, inda ba wanda zai gane ni, na shiga wani shagon magani na ce wani abokina ne ba shi da lafiya. Mai shagon ya yi murmushin da ke nuna ya ɗauka ni ne abokin. Ya miƙo mini wani man shafawa, ya ce daga ƙurji har ciwon sanyi ba abin da ba ya kashewa. Na faki idon Baba na ajiye masa a kan buzunsa, na koma Maiyama ina jin na yi dabara.

Da farko kamar da gaske. Ƙaiƙayin ya lafa, Baba ya koma sahunsa, ni kuma kaina ya ƙara girma. Kafin a cire albasa abin ya dawo da ƙarfinsa. Ya bazu har cinyoyi, fatar ta tsattsage tana ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kawu, ƙanen Inna, wanda ba ya jin nauyin kowa, shi ya ɗaga shi dole muka kai shi asibiti.

A bayan labule na tsaya, ina jin komai. Likita ya ce ciwo ne irin makero, mai son gumi da damshi, kuma da an zo da wuri da ƙaramin abu ne. Ya ce man nan yana kwantar da ƙaiƙayi ne kawai, ciwon na ci gaba a ƙarƙashi, fata kuma tana yin laushi har ta fashe, wasu ƙwayoyin cuta su shiga. Ya sa aka gwada jinin Baba, aka tarar har da ciwon sukari, shi ya sa wurin ya ƙi warkewa. Ya rubuta wani man daban da ƙwayoyi, ya ce a riƙa busar da wurin, a canza wando da zarar an fito daga ruwa. Sannan ya ɗaga murya.

"Baba, wa ya ba ka wannan man?"

Na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ce, "Ni nas sawo abina."

Baba ya warke, ko da yake albasar shekarar sai maƙwabta ne suka cire mana. Amma tun a ranar da muka kai shi asibitin, muna jiran magani a kan benci, Kawu ya zaro wata leda daga aljihunsa ya ɗora mini a cinya. Kwankwanen man ne, ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowanne an matse shi har wuya. Ashe da na farkon ya ƙare, Baba da kansa yake zuwa Jega da ƙafafun nan nasa, ya nuna kwankon ya ce a ba shi irinsa.

"Tun sadda yaf fara yi mai zahi nac ce ya bari," in ji Kawu. "Ka san mi yac ce min?"

Na girgiza kai. Ban so in ji ba, wallahi.

"Yac ce, 'Wanga yaro yak kawo shi. Shi yay yi karatu, ba ya ba ni abin da za ya cuce ni.'"