Lilon da Na Sani da Kunne

Wata Alhamis ce a daminar shekarar da aka fara shari'a a Jigawa, ina aji huɗu, aka kafa lilon ƙarfe a filin firamarenmu ta Yalwawa. Aka shafa masa jan fenti, aka zuba yashin rafi a ƙarƙashinsa, aka ce kada kowa ya taɓa sai Litinin. Ni sarkin azarɓaɓi na haye katangar gidanmu don in ƙare masa kallo, santsi ya kwashe ni, ƙafa ta karye.

Baba ya ɗauko mai ɗori daga Kiyawa, wani tsoho mai ƙanshin man shanu. Ya ɗaure ƙafata da karare, sannan ya sa aka kamo kaza, ya karya tata ƙafar, ita ma ya ɗora ta. "Ranar da ta taka, ke ma ki taka," in ji shi. "Kafin nan ko bakin ƙofa ban yarda ba."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Inna da filin makaranta. Da an tashi tara sai sarƙar lilon ta fara kuka, ƙiii, ƙiii, yara suna ƙirga wa juna goma-goma, ni kuwa ina kan tabarma ina ƙirgawa tare da su. Ƙawata Hadiza takan shigo da yashi a tsakanin yatsun ƙafarta, ta ce idan ka yi sama sai ka ji cikinka ya yi wayam, har duwatsun gari kana hangowa. Nakan kama tafinta in shinshini warin ƙarfen. Wallahi na tsani kazar nan. Ina watsa mata gero ina zaginta, tana kwance tana kallona.

Sai da aka fara yankan gero ta taka. Kwana uku kafin nan na daina jin kukan sarƙar, na ɗauka mai aka zuba. Na fita ina dogara sanda, na tarar da turaku tsirara. Ashe sarƙar ta tsinke da wani yaro, hedimasta ya sa an kwance ta, Hadiza ta kasa gaya mini. Har na gama makarantar ba a mayar ba.

Yanzu ni ke riƙe da wata makarantar yara a Dutse, lilonmu uku. Duk Litinin nakan sa a ɗiga wa sarƙoƙin mai har su yi shiru. Malamai suna zaton tsatsa nake gudu. Ni kuwa gidajen bayan katanga nake tunani, don ban san wa ke kwance a ciki ba.