Gadona da Ƙofar Mita Ɗaya

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Hatsi na san shi da tiya, mai da kwalba, zane da kamu. Da yadi ya zo na karɓe shi, don mai ladabi ne, daga hancina zuwa yatsana yake. Ƙafa ma na yarda da ita, ko ba komai ina da guda biyu. Amma mita? Wa ya taɓa ganin mita a jikin ɗan Adam?

Shekarar da kwana a ƙauye ya gagara, babban ɗana ya ce in baro gidanmu na wajen Nahuce in dawo Gusau, zai gina mini ɗaki. Na ce na ji, amma da gadona. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, da shi aka kai ni gidan miji. A kansa na haifi shi mai maganar, a kansa ubansa ya cika. Ba ya warwaruwa, don tun da ƙusoshinsa suka yi tsatsa mai walda a Tsafe ya liƙe shi gaba ɗaya.

Ɗan nawa ya zo da tef ɗinsa mai fuska biyu kamar munafuki, nan inci, can santimita. Ya auna, ya ce faɗin ƙafa huɗu ne. Mai sayar da ƙofofi a Gusau kuma ya ce nasa da mita suke zuwa, babbar cikinsu mita ɗaya ce. Suka haɗa kai su biyu suka ce ai kusan ɗaya ne.

Kusan!

Ranar da mota ta sauke mu, ƙarti suka ciccibi gado. Suka gwada ta kai, ya ƙi. Suka kwantar da shi, rumfa ta tokare. Har fentin sabuwar ƙofar suka kankare. Abin da ya hana shi shiga bai wuce taƙi guda na hannuna ba.

Ɗana ya ce, "Inna, a yanka shi biyu mana, a sake liƙewa a ciki."

Na ce, "Kai da aka haife ka a kansa, biyu aka yanka ka?"

Maƙwabciyarsu, wata Kirista ma'aikaciyar jinya, ta leƙo tana dariya. Ta ce, "Mama, ai duk duniya mita take yi yanzu."

Na ce, "To duniya ta shiga ɗakin ta kwanta."

Na sa aka ajiye gadon tsakar gida, gindin mangwaro, na ɗaura gidan sauro, na yi shimfiɗata. Matar ɗana ta sayo katifa mai laushi ta saka a ɗakin, ban ko leƙa ba. Duk baƙuwar da ta shigo gaishe ni, nan take samuna, ni kuwa ba na ɓoye mata dalili. Magana ta fita unguwa: Alhaji ya bar uwarsa a waje, ga damina ta matso.

Da hadarin farko ya haɗu, sai ga magini da guduma. Ɗana ya zaro tef ɗin nan.

Na ce, "Mai da shi aljihu. Ku kawo gadon bakin bango, ku yi ta fasawa har ya wuce."

Haka aka yi. Yanzu labule ne a bakin ɗakina, iska na shigowa yadda take so. Ƙofar mita ɗaya kuwa tana jingine bayan madafa, kaji na kwana a kanta.